Markaɗaɗɗiyar gyaɗa a bilenda: Yadda ake yin ta a gida, da gubar da injin ba ya iya cirewa

Tun da tsadar rayuwa ta kai kwalbar botar gyaɗa ta kanti inda hannun talaka ba ya kaiwa, gidaje da dama suka koma yin tasu da ɗan injin markaɗe na lantarki, wato bilenda. Aikin ba shi da wuya: a sami gyaɗa, a soya, a murje, a markaɗe har ta saki mai. Wanda ya yi da kansa ya san yawan gishiri da sukarin da ya zuba, ya kuma san tsabtar kwanon da ya yi amfani da shi.

Akwai abu guda da mai markaɗe ba ya gani da ido, shi ne gubar aflatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa tun daga gona ko rumbu. Suya ba ta kashe ta gaba ɗaya, bilenda kuwa sai dai ya gauraya ta da sauran gyaɗar. Wannan maƙala ta tattaro yadda ake yin markaɗaɗɗiyar gyaɗa daki-daki, da haɗurran da ke tattare da ita, da kuma inda alhakin mai gida ya ƙare, na hukuma ya fara.

Mece ce, kuma me ake kiran ta?

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ita ce soyayyiyar gyaɗar da aka niƙe har ta yi laushi ta koma kamar ƙulli mai maiƙo, ba tare da an tatse manta ba. Idan aka zuba mata ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har man ya taso aka kwashe, abin da ya rage shi ne tunkuza, wadda ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli ko ƙarago. A wasu garuruwa sunan tunkuza ya haɗe duka biyun. A Jamhuriyar Nijar an fi sanin ta da tigadige, a Sudan kuma ana ce mata dakwa, ana yin kwaɗon tumatir da albasa da ita. Inyamurai na haɗa ta da barkono su tarbi baƙo da ita tare da goro da gauta, mutanen Ghana kuma sun yi fice da miyarta.

Ita Bahaushiya ba ta jira kwalba ba. Da markaɗaɗɗiyar gyaɗa take kaɗa miyar taushe da miyar gyaɗa, da ita take dama kunun gyaɗa ga mai azumi da mai jego. Abin da ya zo daga waje shi ne al'adar shafa ta a burodi, da sunan botar gyaɗa da ’yan kanti ke kiran ta da shi.

Daga turmi zuwa kwalba

Asalin gyaɗa Kudancin Amurka ne, a yankin da a yau ya haɗa Bolibiya da Faragwai da arewacin Ajantina. Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta bazu har ta zama ’yar gida a ƙasar Hausa.

Sarrafa ta a masana’anta kuwa a Arewacin Amurka ya faro. A 1884 wani mutumin Montreal ta ƙasar Kanada, Marcellus Gilmore Edson, ya yi rajistar hanyar niƙa soyayyiyar gyaɗa tsakanin faranta masu zafi. A 1895 likitan nan John Harvey Kellogg ya nemi rajistar tasa hanyar, yana ba marasa lafiyar da ba sa iya tauna nama. A farkon shekarun 1920 Joseph Rosefield ya gano cewa idan aka sa daskararren mai a ciki, man gyaɗar ba zai riƙa tasowa sama ba, kwalba kuma za ta daɗe a kan kanta. Wannan dabara ce ta haifi manyan kamfanonin botar gyaɗa. Daga baya wasunsu suka yi ta ƙara mai da sukari suna rage gyaɗar, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shiga tsakani. Bayan doguwar taƙaddama, a 1971 doka ta fara aiki cewa duk abin da za a kira botar gyaɗa a ƙasar sai gyaɗa ta kai kashi 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa.

Shi kansa bilenda a 1922 Stephen Poplawski ya ƙirƙiro shi a jihar Wisconsin, don haɗa abin sha na madara. Wannan tarihi yana da amfani ga mai markaɗe: an ƙera injin ne don abu mai ruwa, shi ya sa gyaɗa ke ba shi wahala.

Abin da ke cikinta

Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Giram 100 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa na ɗauke da kalori kusan 590, da furotin kimanin giram 25, da mai kimanin giram 50. Babban cokali biyu, wato wajen giram 32, na ba da kalori kusan 190 da furotin giram 7 zuwa 8. Tana kuma da bitamin E da niyasin da magniziyam. Ga gidan da nama da ƙwai suka zama sai an yi albashi, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Ga mai son rage ƙiba kuwa, cokali biyu sun isa a zama ɗaya.

Kayan da ake buƙata

Ɓararriyar gyaɗa busasshiya, aƙalla kofi biyu zuwa uku, wato giram 300 zuwa 450. Ƙasa da haka wuƙaƙen bilenda za su riƙa juyawa a banza ba su kamo komai ba. Sai faifai ko babban tire mai haske don tsinta, da kasko ko tukunya mai kauri, da cokalin katako ko na roba, da kwalbar gilashi mai murfi wadda aka wanke ta bushe ƙarau. Gishiri kaɗan da cokali ɗaya na man gyaɗa na iya shiga, amma ba dole ba ne.

Mataki na farko: tsinta

Duk aikin babu matakin da ya kai wannan muhimmanci. A baza gyaɗar a faifai cikin hasken rana, a bi ta ƙwaya-ƙwaya. A fitar da wadda ta motse ko ta ƙanjame, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta fashe tun a buhu, da wadda launinta ya sauya zuwa baƙi ko kore ko ruwan ƙasa mai duhu, da duk wadda ta fara tsiro. Idan buhun ko kwanon yana warin rima, a bar shi ga mai shi tun a kasuwa. Wanda ya sami gyaɗa mai kwanso ya ɓare da kansa ya fi samun natsuwa, domin kwanson da bai fashe ba yana kare ƙwayar.

Wadda aka tsince a binne ta ko a ƙone. Kada a watsa wa kaji, kada kuma a ba akuya ko saniyar tatsa, saboda gubar na ratsa jikin dabba ta fito a nono.

Mataki na biyu: suya

Ɗanyar gyaɗa ba ta sakin mai da sauri, kuma ba ta da ƙamshi. Suya ke fasa ƙwayoyin da man ke ciki, ita ce kuma ke kashe ƙwayoyin cuta. A kasko ana soyawa da wuta matsakaiciya, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa na minti 15 zuwa 20. Masu amfani da wankakken rairayi suna yin haka ne don zafin ya ratsa ko’ina daidai. A cikin oben kuwa, a baza ta shimfiɗa ɗaya a zafin digiri 175, a juya sau ɗaya ko biyu, ita ma minti 15 zuwa 20. Alamar ta yi ita ce jan ɓawon ya fara tsagewa, cikin ƙwayar ya koma ruwan zuma mai haske. A sauke tun kafin ta yi duhu, domin zafin jikinta zai ci gaba da gasa ta bayan an sauke, gyaɗar da ta ƙone kuwa ɗacinta ba ya gyaruwa.

Mataki na uku: murza da tsinta ta biyu

Idan ta sha iska har hannu zai iya taɓawa, a murje ta tsakanin tafuka ko cikin tsumma mai tsabta, a bakace ɓawon. Yanzu ne za a ga abin da jan ɓawo ya ɓoye. Ƙwaya mai lafiya takan rabu biyu, launinta ɗaya ciki da waje. Wadda ke da tabo mai duhu a ciki, da wadda ɓawonta ya manne ya ƙi fita, a fitar da su. A masana’antu ma haka ake yi: a cire ɓawo, sannan na’ura mai tantance launi ta ture duk ƙwayar da ta bambanta.

Mataki na huɗu: markaɗe

A tabbata kofin bilenda ya bushe sarai. A zuba gyaɗar tana da sauran ɗumi, domin mai ɗumi ya fi saurin gudana. A kunna na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a kashe, a kankaro abin da ya manne a gefe da cokali, a bar injin ya huta na minti ɗaya, sannan a sake kunnawa.

Gyaɗar za ta bi matakai huɗu. Da farko ta zama tsaki-tsaki, sai ta koma gari mai danshi, sai ta dunƙule ta manne a gefe har wuƙaƙen su riƙa juyawa su kaɗai, daga ƙarshe ta saki mai ta fara malala. A mataki na uku ne mutane da yawa ke karaya, su ɗauka injin ya gaza, alhali saura kaɗan. Idan ta ƙi motsi, a zuba ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa. Bilenda mai ƙarfi na gamawa cikin minti biyu zuwa uku, mai ƙaramin ƙarfi kuma zai iya kai minti goma har da hutun da ake ba shi. Mai ƙaramin inji ya fi kyau ya yi amfani da ɗan kofin niƙa busassun kaya da ke zuwa tare da shi, ya riƙa yi kaɗan-kaɗan.

Ruwa ba ya shiga wannan aiki ko ɗigo ɗaya. Yana sa ƙullin ya daskare ya yi tauri, yana kuma buɗe ƙofa ga funfuna da ƙwayoyin cuta. Gishiri a ƙarshe ake sa shi. Mai son zaƙi ya sa sukarin da aka niƙa, domin zuma na ɗauke da ruwa, takan sa ƙullin ya yi kauri. Mai son ta da ɗan tsaki ya keɓe rabin kofi a matakin farko, ya juya a ciki bayan an gama.

Idan aka ji warin ƙonewar waya ko gindin injin ya yi zafi, a kashe nan take a zare daga soket. Haka nan kada a yi wannan aiki lokacin da wutar lantarki ta yi rauni, domin injin da ke jan kaya mai nauyi a ƙaramar wuta shi ya fi saurin ƙonewa. Kuɗin wutar da kansa ba abin damuwa ba ne. Bilenda mai wat 500 da ya yi aikin minti biyar yana cin kimanin kashi huɗu cikin ɗari na yunit ɗaya, wato ƙasa da Naira 10 ko da a farashin Naira 225 da hukumar NERC ta ɗora wa ’yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024. Tsadar tana wajen gyaɗar da makamashin suya.

Mataki na biyar: adana

A bar ta ta huce kafin a rufe, don kada gumi ya taru a murfi. A ajiye a wuri mai sanyi da duhu, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. A zafin ƙasarmu gara a yi wadda za ta ƙare cikin mako biyu zuwa uku, a firji kuma takan kai wata biyu zuwa uku. Idan mai ya taso sama ba lalacewa ta yi ba, juyawa kawai take so. Idan ta fara warin tsohon mai ko ɗanɗanonta ya yi ɗaci, ta lalace. Idan kuwa aka ga funfuna a samanta, a zubar da kwalbar gaba ɗaya, kwashe saman ba ya wadatarwa.

Bilenda ko injin unguwa?

Injin markaɗe na unguwa ya fi sauri, ya fi yin laushi, kuma shi ne daidai ga mai kwano biyar ko goma. Matsalarsa ita ce injin da ya markaɗa wake da tattasai da safe shi zai karɓi gyaɗa da rana, sau da yawa da sauran ruwa a cikinsa. Duwatsunsa na ƙarfe kuma suna cin juna, ɓurɓushinsu na sauka a cikin abinci. Bilenda na gida ya kawar da waɗannan biyun. Abin da duka injunan biyu suka gaza a kai shi ne gubar da ta riga ta shiga ƙwaya.

Aflatoksin: gubar da ba ta da wari

A 1960 ’ya’yan talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa dalili. Bincike ya kai ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, daga nan aka gano gubar da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa, aka sa mata suna aflatoksin. Funfunar na zaune a cikin ƙasa. Tana samun hanyar shiga gyaɗa idan fari ya kama shuka a ƙarshen damina, ko gara da tsutsa sun huda kwanso, ko fartanya ta sare shi wajen cira. Tana kuma yaɗuwa idan aka tara gyaɗa ba ta bushe ba, ko aka shanya ta a ƙasa ruwa ya taɓa ta, ko aka jibge buhuna a ɗaki mai rima. Ɓararriyar gyaɗa sai danshinta ya sauko zuwa kashi 7 ko 8 cikin ɗari kafin ta zauna lafiya a buhu.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aflatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Hanta take kamawa. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau’in B haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa, kuma binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da wannan cuta. Wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo ya gano cewa yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan gubar a jininsu. Idan kuma aka ci da yawa a lokaci guda, tana kisa cikin kwanaki. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 daga cikinsu suka rasu.

Gubar ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 260, nesa da zafin kasko ko tukunyar miya. Suya na rage wani kaso, ba ta gamawa da ita. Ba ta kuma rabuwa daidai a cikin buhu. Ƙwayoyi ƙalilan ne kan ɗauki mafi yawanta, sauran dubbai suna lafiya. Hausawa sun ce wake ɗaya kan ɓata gari, haka abin yake a nan: wanda ke cin gyaɗa ƙwaya-ƙwaya zai tofar da mai ɗaci, amma da zarar an markaɗe, muguwar ƙwaya ta shiga kowane cokali. Wannan ne dalilin da ya sa tsinta ta fi suya da markaɗe muhimmanci, ko da yake ita ma ragewa take yi, domin akwai ƙwayar da ke da kyan gani tana ɗauke da guba.

A nan ne matsalar ta koma ta kasuwa. Gyaɗar da babban ɗan kasuwa ya tsince don ya sayar da mai kyau ba zubar da ita ake yi ba. Takan koma kasuwa da araha, ta ƙare a ƙuli-ƙuli da yaji da markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ake ƙullawa a leda, inda ba mai iya gane asalinta. Idan aka tatse mai, mafi yawan gubar a tunkuza take zama. Talaka ne ke cinye abin da mai kuɗi da ɗan ƙasar waje suka ƙi.

Kwalbar kanti ma ba ta tsira ba. A Nuwamban 2019 hukumar kula da ingancin kaya ta Kenya ta dakatar da botar gyaɗa iri bakwai saboda aflatoksin, a Fabrairun 2024 kuma aka janye wasu daga kantunan Afirka ta Kudu bisa wannan dalili. Abin lura shi ne a can an auna, an gano, an kuma sanar da jama’a.

Sauran abubuwan kiyayewa

Na farko ƙwayar cutar salmonela, wadda ke iya rayuwa watanni a cikin maiƙo. Tsakanin 2008 da 2009 gyaɗar wani kamfani a jihar Jojiya ta Amurka ta kwantar da mutum sama da 700, tara suka mutu. A 2015 kotu ta yanke wa shugaban kamfanin, Stewart Parnell, ɗaurin shekara 28, domin ya san kayan sun gurɓata ya ce a tura. A gida, kariyar ita ce suya mai kyau, da hana soyayyiyar gyaɗa komawa faifan da ɗanyar ta zauna.

Na biyu, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Alamominsa ƙaiƙayi da borin jini da kumburin leɓe, mafi tsanani kuma sarƙewar numfashi, wanda ke buƙatar asibiti nan take. Binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da wannan matsala da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ga jaririn da ya kai wata shida, a dama kaɗan a cikin kunu ta yi ruwa-ruwa. Loma mai kauri na iya shaƙe shi, ƙwayar gyaɗa kuma ba ta dace da yaro ƙasa da shekara biyar ba. Zuma ba ta halatta ga wanda bai cika shekara ɗaya ba. Jaririn da ke da ƙyasbi mai tsanani ko ya taɓa yin borin jini bayan cin ƙwai, a fara tuntuɓar likita.

Na uku, kada a ɗauki ta gida a matsayin abincin tamowa da ake bayarwa a asibiti. Shi wannan, wanda aka fi sani da Plumpy’Nut, likitan Faransa André Briend da injiniyan abinci Michel Lescanne ne suka haɗa shi a 1996. Ya yi suna a yunwar 2005 a Nijar, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da shi a yankin Maraɗi. Ban da gyaɗa, yana da garin madara da sukari da mai da bitamin da ma’adinai da aka auna, leda ɗaya mai giram 92 tana ba da kalori 500. Yaron da ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi.

Daga dalar gyaɗa zuwa yau

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai za a noma musu, amma manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama babban dillalinta, buhunan da ke jiran jirgi kuma aka riƙa jera su dala-dala, kowace da buhu kusan 15,000. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa, rarar kuɗinta kuma ta shiga ayyukan gwamnatin yankin. A tsallaken iyaka, Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙe tattalin arzikin ƙasar kafin zuwan yuraniyam.

Farin farkon shekarun 1970 ya fara karya wannan ciniki. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin kadada 700,000 a arewacin Najeriya. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin shirin SAP. Hukumomin sun daɗe suna danne farashin manomi, amma su ne ke tantance daraja kafin a saya. Da suka tafi, tantancewar ta bi su.

Har yau Najeriya na noma sama da tan miliyan 4 a shekara, tana sahun gaba a duniya bayan Sin da Indiya, amma kusan duka a gida ake cinye ta. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tare mata hanyar Turai shi ne aflatoksin. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya, wato kwatankwacin giram 4 a buhu 10,000 masu kilo 100. Amurka ta tsaya a maikurogiram 20. Kayan da za a fitar ana auna su domin mai saye ya tilasta. Kwanon da uwar gida ta auno a kasuwar unguwa kuwa ba ya bi ta kowane ɗakin gwaji.

Maganin yana nan

Cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da ma’aikatar gona ta Amurka, ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014. Dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a kadada ɗaya mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai ta mamaye gonar ta hana mai gubar wuri. Gwaje-gwajen cibiyar sun nuna yana rage aflatoksin da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Jami’ar Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar ICRISAT, ta fitar da irin gyaɗa irin su SAMNUT 24 a 2011, mai nuna da wuri, mai jure kuturta. Gyaɗar da ta nuna kafin ruwa ya ɗauke ta tsallake farin ƙarshen damina. Shanya a kan tamfol da ɗora buhu a kan katako su ma suna taimakawa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau’in B kuma tana cikin jerin rigakafin yara na ƙasa tun 2004, kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Abin da ya hana waɗannan yaɗuwa shi ne kasuwa ba ta biyan manomi ladan wahalarsa. Buhun da aka kula da shi da wanda aka yi sakaci da shi farashinsu ɗaya a Dawanau, domin ba mai aunawa.

Mai bilenda zai iya tsince gyaɗarsa sau biyu, ya saya daga wanda ya amince da ajiyarsa, ya gwada jininsa ya san matsayin hantarsa. Wanda ke son ya mayar da abin sana’a ya riƙa zubawa a kwalba yana sayarwa, doka ta wajabta masa rajista da NAFDAC. Iyakar ikon mutum ɗaya ke nan. Sauran na hukuma ne, kuma akwai tambayoyin da ya kamata a riƙa yi wa NAFDAC da hukumar SON da ma’aikatun gona na jihohi: sau nawa aka ɗebi samfurin gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga kasuwanni a bana, ina sakamakon, kuma manoma nawa ne Aflasafe ya isa gare su cikin kayan tallafin da ake rabawa? Dokar ’yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta irin wannan tambaya, ta kuma ba hukumar da aka tambaya kwana bakwai ta amsa. Gyaɗa dai sai an matsa ta take ba da mai.